Ciyawar Kawu Royce

Ranar da motar asibiti ta zo ɗaukar Mama Babba zuwa Albany, tana kwance a kan gadon marasa lafiya da karaya a ƙugu, ba ta ce in kula da kaji ba, ba ta ce in kashe murhu ba. Hannuna ta kamo ta ce, "Renita, kar ki bar ciyawa ta fito mini a farfajiya."

Na ce to. Ni dama to ce amsata ga kowa.

Kakata ce, mahaifiyar mamata. Na gama jami'a a Savannah a watan Mayu, na dawo wurinta ina jiran wani ya kira ni aiki, shi ya sa ina ɗakin girki da safen da ta faɗi. Shara take yi. Na ji tsintsiya ta yi shiru, na leƙa ta taga, na gan ta a ƙasa a gindin bishiyar pikan.

Farfajiyarta ba ta da ko tsinken ciyawa. Farin rairayi ne a sama, jar laka a ƙasa, shekaru sun daddale ta har ta yi tauri kamar daɓe. Ta tashi daga matakalar baranda zuwa bakin titi, ta zagaya gindin pikan, ta tsaya a kejin kaji. Uwarta ce ta fara share wurin a shekarar da suka bar noman auduga a gonar wani suka samu nasu filin. A da duk gidajen titinmu haka suke. Yanzu kowa ya shuka ciyawa ya sayi injin yanka ta, ranar Asabar ba ka jin komai sai ƙara. Ita kaɗai ta rage.

Tsintsiyarta rassan galberi ce, wani ɗan itace da take sarowa a bakin fadama ta ɗaure da tsumman tsohuwar riga. Daga bakin titi take farawa, tana ja da baya zuwa gida, don kada sawunta ya ɓata aikin. Idan ta gama sai ka ga rairayin ya kwanta layi-layi kamar ɓawon kifi. Daga nan ta zauna a baranda da kofinta tana kallonsa. Ba mai taka wurin sai ta gama kallo. Duk titin an san da haka. Mai kawo wasiƙu ta gefe yake bi, ta jikin tayoyin da ta shafa wa farin fenti ta dasa furanni a ciki. Fasto ma haka.

Bayan an yi mata aiki aka mayar da ita gidan jinya inda ake koya wa tsofaffi tafiya, ni kuma na gaji tsintsiya. Layina ba ya fita kamar nata, wani wurin ya yi zurfi, wani wurin ya karkace. Ga ruwan Yuli, a yi shi da la'asar, da safe ka tashi ka ga kore ya ɗago kai a ko'ina. Sai in bi da fartanya ina kankarewa, ƙananan ƙudajen nan na kudancin jihar Georgia suna shiga mini ido, ina hure su ta gefen baki kamar yadda kowa ke yi a nan.

Kawu Royce, ƙanen mamata, ya zo daga Atlanta ana saura kwanaki a sallame ta. Yana da kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kuma mutum ne da ba ya iya zama ya ga abu bai gyara ba. Shi ya kai ni jami'a a motarsa, ya hau bene da akwatunana a kafaɗa. Tun daga ranar yake kirana Farfesa. A zuwan nan nasa ya kafa ƙarafan riƙewa a banɗaki, ya yi gangara ta katako a ƙofar baya, ya naɗe duk dardumar da ƙafa za ta iya harɗewa da ita. Ina ganin yadda yake tsayawa a ƙofar ɗakinta ya daɗe yana kallon gadon.

Ranar Juma'a da yamma muna cin soyayyar tarwaɗa da burodin masara ya gaya mini. Ya sayi ciyawa, irin wadda ake yankowa da ƙasarta a naɗe ta kamar tabarma. Gobe da safe wani Mista Lonzo da ya ɗauka aiki zai kawo ta da injin kaftu, a farfasa farfajiyar, a shimfiɗa. Kafin Mama ta dawo wurin ya zama kore, zai biya wani ya riƙa zuwa yana yankewa, ba sauran shara. Ya ce ya yi magana da mamata a Jacksonville, ta amince. Ya ce kada in gaya wa Mama, so yake ta zo ta gani.

Na ce, "Kawu, ta ce kar a bar ciyawa."

Ban sani ba ko ya ji. Muryata ba ta cika wuce bakin faranti ba. Ya miƙo mini tulun shayi mai sanyi ya ce in ƙara, na rame.

Kafin rana ta faɗi na zagaya bayan kejin kaji na kira ta. Ta saurare ni har ƙarshe. Ina jin talabijin ɗin maƙwabciyar gadonta a bayanta.

Na ce, "Ki kira shi mana, Mama Babba. Ke zai ji maganarki."

"In kira shi ya ce to Mama, ya ajiye waya, ya gaya wa uwarki magani ne ke magana a bakina? Ni na haifi yaron nan. Wa na bar wa gidan?"

"Ni."

"To."

Sai ta tambaye ni ko jar kazar tana yin ƙwai, ta ce abincin wurin ba gishiri, ta kashe.

Da asuba na fita da tsintsiya. Na fara daga bakin titi ina ja da baya, a hankali, ina ƙoƙarin tuna yadda take juya wuyan hannu. Ban taɓa yin sharar da ta kai ta ranar ba. Da na kai matakala na zauna a kanta, tsintsiyar a cinyata.

Motar Mista Lonzo ta iso tana jan tirela, ciyawar a jibge a kai, maza biyu a zaune a baya. Mista Lonzo dattijon cocinmu ne, dogo, yana ɗingishi kaɗan. Ya sauko, ya tako har bakin rairayin ya tsaya, ƙafarsa ba ta haura ba. Ya cire hula ya kalli layin sharar. Kawu Royce ya fito da kofi a hannu ya sauka ya ratsa ta tsakiya, sawun takalminsa a bayansa manya-manya, yana nuna inda za a fara sa inji.

Mista Lonzo bai bi hannunsa da kallo ba. Ya tambaya wa ya yi sharar nan, ai ya ji Mis Ozella, wato Mama Babba, tana Albany. Kawu ya ce Farfesa ce, tana rage zaman banza. Sai ya tambaya ko Mis Ozella ta san da aikin. Kawu ya yi dariya ya ce ai abin mamaki ake shirya mata.

"Royce, da ka kira ni ka ce farfajiya, na ɗauka ta baya kake nufi, wajen igiyar shanya." Ya juyo gare ni, ya kira ni da sunan mamata. "'Yar Verlene, kakarki ta sani?"

Duk suka kalle ni, har maza biyun da ke kan tirela. A jami'a na taɓa barin aji gaba ɗaya don kada in tsaya gaban mutane in yi bayani. Na miƙe, don na san in ina zaune ba za a ji ni ba.

"Ta sani. Na gaya mata jiya. Ta ce kar a bar ciyawa ta fito."

Kawu Royce ya juyo a hankali. Kallon da ya yi mini ban taɓa ganinsa a fuskarsa ba.

Mista Lonzo ya mayar da hularsa. Ya ce tun da an riga an saya, zai sauke ta a bakin titi, amma injinsa ba zai shiga wurin nan ba. Kawu ya ce ai shi ya ɗauke shi aiki, ba Mama ba. Mista Lonzo ya ce gaskiya ne, amma Royce zai koma Atlanta, shi kuwa bayan Mis Ozella yake zama a coci duk Lahadi. Ya ce yana yaro ya taɓa ratsa farfajiyar nan da keke, har yau in hadari ya haɗu yana jin wurin da tsintsiyar ta same shi. Mazan suka yi dariya. Kawu bai yi ba.

Suka sauke naɗe-naɗen suka jera a gefen kwalta. Kafin ya tada mota Mista Lonzo ya leƙo ta taga ya ce a wannan zafin, ciyawar da ke naɗe ba ta wuce gobe, za ta dafe a cikinta. Ban san ko da Kawu yake ba ko da ni.

Kawu Royce ya shiga gida ya canja riga, ya fito da baro daga rumfar kayan aiki. Ba inji, to zai shimfiɗa ta a haka a kan rairayin, ya ba ta ruwa, in ta kama ta kama. Ya loda naɗi uku ya turo, tayar baron tana yanka layin sharata. Ya durƙusa a gaban matakala ya warware na farko, ya danna gefensa da tafin hannu, ya warware na biyu a jikinsa. Kore shar, tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ba zan ce ba ta da kyau ba.

Ya tura baro ya koma ɗauko wasu. Na jingina tsintsiya, na sauka, na durƙusa, na kama bakin na farko na naɗe shi. Ya fi yadda na zata nauyi. Ban iya ɗaga shi ba, sai na ja shi a ƙasa da baya da baya har bakin titi. Muka yi kiciɓis a tsakiya, shi yana turowa, ni ina ja. Ya tsaya.

"Farfesa, me kike yi?"

Na ajiye na koma ɗauko na biyu.

Haka muka wuni har rana ta take. Ya shimfiɗa uku, in kwashe biyu. Ya fi ni ƙarfi da sauri, amma ya haura hamsin kuma yana da tumbi, sai ya tsaya ya riƙe ƙugu yana haki, ni kuma in cim masa. Baƙar ƙasar ciyawar ta ɓata mini riga da gwiwoyi, ta shiga ƙarƙashin farce. Motocin da ke wucewa suna rage gudu. Wata mata daga cocinmu ta wuce, ta juyo ta sake wucewa. Da can wannan kaɗai ya isa ya kore ni cikin ɗaki. Ranar ina ganinsu kamar daga nesa.

Sau ɗaya ya taka bakin wani naɗi da ƙafa lokacin da na kama shi. Na tsaya a durƙushe ina riƙe da nawa gefen, ina kallon takalminsa. Muka daɗe a haka. Ya ɗage ƙafar.

Da zafi ya kai inda ya kai ya zauna a kan baron a inuwar pikan, ya ce in zo. Na je na tsaya. Ya nuna ƙasa kusa da ƙafata.

"A ina ta faɗi?"

"A nan."

"Mene ne a hannunta?"

"Tsintsiya."

Ya ce to in gaya masa, ni mai digiri, me zan yi da na ga uwata a kwance da ƙarfe a cikin ƙashinta. Likita ya gaya masa a fili, in ta sake faɗuwa ba lallai ta tashi ba. Muddin rairayin nan yana nan sai ta share shi, ko da rarrafe. Ya ce kada in ɗauka bai san mene ne wurin ba, shi ya share shi duk Asabar yana yaro, shi ya saro galberi a fadama macizai suna bi ta ƙafarsa. Kuma shi motar makaranta ke ɗauka a bakin titin nan, 'yan gari suna leƙowa ta taga suna tambayarsa ko gidansu ko kuɗin ciyawa babu. Ya kau da kai, kamar maganar ta fito ba da izininsa ba. Ya goge fuska da gefen riga.

Na ce, "Kawu, in ta dawo ta tarar da ciyawa, kana ganin zama za ta yi a baranda tana kallo? Fartanya za ta ɗauka. Ka fi ni saninta."

"Zan ɓoye fartanyar."

"Za ta yi da cokali."

Ya kusa yin dariya, sai ya danne. Ya ce wannan ba abin wasa ba ne. Na ce na sani. Ya ce in ta sake faɗuwa a wurin nan, ni zan ɗauki waya in gaya wa uwata, ba shi ba.

"Zan kira ta."

"Kin ɗauki nauyin ke nan."

"Ban ce ba za ta faɗi ba, Kawu. Nima tsoro nake ji. Amma farfajiyarta ce, kuma ta faɗi abin da take so. Ka shimfiɗa, in naɗe. In ka kai dare, ina nan."

Ban taɓa jera magana mai tsawon haka a gabansa ba. Ya kalle ni kamar yana neman yarinyar da ya kai Savannah. Ya tashi, ya loda naɗi ɗaya, ya tura har gaban matakala, ya warware shi da kyau, ya danna gefensa. Ya tsaya a kai yana jirana. Na zo na durƙusa na naɗe, na ja shi zuwa titi. Da na juyo ya kifar da baron ya shige gida.

Bai ci abincin da na ɗumama ba. Ya yi wanka, ya ɗauki jakarsa, ya bi ta ƙofar baya zuwa motarsa. Bai yi mini sallama ba.

Mamata ta kira da la'asar. Ta ce na kunyata ƙanenta a gaban duk titi, mutumin da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, kuma karatun da na yi bai ba ni izinin shiga maganar manya ba. Na bar ta ta gama. Ban ce to ba. Na ce na ji. Sai ta tambaya ko na ci abinci.

Washegari bayan coci Mista Lonzo ya zo ya kwashe wadda ba ta mutu ba, aka shimfiɗa a gaban ɗakin taron coci. Sauran ta yi ruwan ɗorawa tana wari, na kai ta bayan fili da baro. Farfajiyar kuwa ta sha wuya. Ga ramin taya, ga baƙar ƙasa ta cakuɗe da farin rairayi, ga saiwoyin da suka zube suna tsirowa duk bayan ruwa. Na ɗebo rairayi daga bakin rafi na cike ramukan. Duk da haka tabon bai ɓace ba, in ka tsaya a baranda kana ganin inda aka yi abin.

Kawu Royce ne ya ɗauko Mama Babba ranar da aka sallame ta, don ba wanda zai yi in ba shi ba. Ya gaishe ni a taƙaice, da sunana, ba Farfesa ba. Ya so ya zagaya da mota ta baya inda gangarar katako take. Ta ce ya tsaya a gaba, ita ba baƙuwa ba ce da za ta shiga gidanta ta ƙofar kaji.

Ya fito mata da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Ta rame ƙwarai, rigar cocinta tana yawo a jikinta. Ta dafa ƙarfen ta taka rairayin. Inda na cike da sabo bai yi tauri ba, ƙafar ƙarfen ta nutse, ta yi tangaɗi. Ni da Kawu muka zabura tare. Ta ce kada wanda ya taɓa ta. Ta ciro ƙarfen, ta matsar da shi gaba, ta ja ƙafa. Kawu yana binta a baya da hannuwa a buɗe, bai kalle ni ba, kuma na san abin da yake tunani, don nima shi nake tunani.

A gindin pikan ta tsaya tana numfashi. Ta dubi baƙin tabon, ta dubi ɗanta, ba ta tambayi komai ba. Ta ce a sauko mata da kujerar ƙarfe daga baranda. Kawu ya kawo, ya riƙe ta har ta zauna. Sai ta miƙo mini hannu ba tare da ta juyo ba. Na san abin da take nema.

Kawu ya ce, "Mama, likita fa ya ce..."

"Likita ya ce kar in tsaya da yawa. Ka ga na tsaya?"

Na sa mata tsintsiyar a hannu. Ta gyara riƙo, ta sunkuya kaɗan, ta fara share iya inda hannunta ya kai, daga dama zuwa hagu, a hankali, tana cije leɓe duk lokacin da ƙugun ya motsa. Da ta gama rabin da'irar da ke gabanta ta ɗora tsintsiyar a cinya ta kama hannun kujerar.

"Royce, ja ni baya."

Ya tsaya yana kallon ƙeyarta. Ta jira. Wata mota ta wuce a kan titi. Sai ya sunkuya, ya kama kujerar ta baya da ita a kai, ya ja ta taku biyu wajen gida.

Ta ce, "Ya isa," ta ɗauki tsintsiyar.